Kafaɗar da Ba Ta Je Gida Ba

Shekarun baya, ina ɗalibi a Alƙahira, na zauna a wani ɗaki na can saman bene a unguwar Ainu Shams, kusa da tankin ruwa, inda ake ajiye irinmu masu ƙaramin ƙarfi. Maƙwabcina ɗan ƙasar Sin ne, mai tallar tufafi gida-gida. Kullum da safe zai saɓa wata ƙatuwar jaka a kafaɗar hagu, ya bi benaye yana ƙwanƙwasa ƙofofi. Ni Larabcina na littafi ne, in na je sayen burodi sai mai kanti ya ce "sadaƙallahul azim" yana dariya. Shi kuma nasa a bakin mata masu taya kaya ya tsince shi. Da wannan gurgun Larabcin muka ƙulla abota. Yana kirana "ya shehi", ni kuwa na ƙudura a raina sai na musuluntar da shi kafin in gama karatu. Har yau ban samu wannan ladan ba.

Wata rana na soya nama na kai masa, ya ture kwanon a hankali ya ce, "Ma'alish, ya shehi. Bikin ƙauyenmu ya matso."

Ma'alish ɗin nan ita ce "yi haƙuri" ta Misirawa. Ya zaunar da ni ya yi mini bayani. Sau ɗaya ake bikin a shekara goma. In ya gabato, duk ɗan garin, na gida da na nesa, zai bar cin nama har a tashi. A share gari, a kafa rumfunan gora, malaman addinin Tao su zo da jajayen riguna su yi ta karatu suna kaɗa ƙararrawa don nema wa garin lafiya. Har abinci ake ajiyewa a bakin hanya saboda matattun da ba su bar mai tuna su ba. Ranar ƙarshe sai a fito da gunkin da suka ɗauka shi ne mai tsaron garin, a ɗora shi a karaga mai dogayen sanduna, a zaga da shi ƙofa-ƙofa.

Kowace kusurwar karagar da gidan da ya gaje ta. Ta gaba ta hagu ta gidansu ce. Kakansa ya ɗauka, mahaifinsa ya ɗauka, wannan karon nasa ne, kuma shi kaɗai ne namiji. In gida ya kasa kawo mai ɗauka, ko mai ɗaukan ya saki sandar a hanya, duk wanda ya tare ta, gidan mai tarewar ya gaje ta ke nan, ba a mayarwa.

Ina ta istigfari a zuci, sai ya ja wuyan rigarsa ya nuna mini kantar da jaka ta yi masa. Ya ce, "Ka gani? Masar ta gyara mini ita. Babu mai kafaɗata a garinmu." Yadda fuskarsa ta yi haske a lokacin ya sa na haɗiye wa'azin da na shirya.

Matsalar ita ce fasfonsa yana hannun mutumin da ya kawo shi Masar, wani ɗan ƙasarsu mai ba shi kaya. Shi wannan bai iya Larabci ba, amma ya iya kalma ɗaya da kyau: "bukra", wato gobe. Abokina ya je ya roƙa, ya koma ya yi faɗa, ya sake komawa ya roƙa. Ya rame, ga rashin nama ga hawan benaye. Mahaifinsa kuma in sun yi waya sai ya ce kada ya damu, za a san yadda za a yi. Haka goben nan ta yi ta ja har ranar zagayen ta zo.

Da hantsi ne a wurinmu, su can rana ta karkata. Muka zauna a inuwar tanki, ƙanwarsa ta kira shi ta bidiyo tana nuna masa. Ganguna, hayaƙin turare, tsofaffi sun fi yara yawa. Aka fito da karagar. A gaba ta hagu sai ga wani tsoho siriri, kansa fari fat, ya naɗa tawul a kafaɗa.

Abokina ya ce, "Baba ne."

Wallahi ni da ba addinina ba, sai da na sami kaina ina cewa Allah ka riƙe ƙafar tsohon nan. Ya yi ƙoƙari. Ya wuce kasuwa, ya wuce ƙofar gidansu. A wata 'yar gada mai matakala gwiwarsa ta lanƙwashe, karagar ta karkata, wani saurayi na wani gida ya yi wuf ya cusa kafaɗarsa. Ba wanda ya tsaya. Ganguna ma ba su sassauta ba. Tsohon ya koma gefen hanya dafe da kafaɗa, yana waige-waige har ya gano inda 'yarsa take da waya. Sai ya yi murmushi, ya ɗaga wa ɗansa hannu.

Abokina ya kife wayar a ƙasa. Can ya miƙe ya ce, "Yalla, ya shehi, mu je mu ci hanta."

Na ce, "Ai ka ce sai an tashi daga bikin."

Ya ce, "Khalas, an gama. Wannan na 'yan gari ne."

Muka sauka wurin mai soya hanta a bakin titi. Bai yi kuka ba. Ya yi ta tura burodi da hanta kamar mai haɗiyar magani, ni kuwa duk karatuna ban sami abin faɗa ba sai "ma'alish". Ban taɓa jin kalma ta yi mini rashin amfani kamar ranar ba.

Bayan 'yan makonni aka ba shi fasfonsa, ya jefa shi ƙarƙashin katifa. Kafin shekara ta zagayo tsohon ya mutu, abokina bai je ba. Ya ce ba ya iya bin hanyar gadar nan. Daga baya ya tashi daga benenmu, lambarsa ta daina shiga.

Da ina ɗauka baƙin ƙasar waje gida ne suke kewa. Ashe abin da ya fi ciwo shi ne ka gane gidan ya iya tafiya ba kai. Wannan abin har yau bai sake ni ba, don nima nawa ya zo. Mahaifina ya rasu ina Alƙahira ina tsakiyar jarrabawa, mu kuwa ba a jiran kowa, kafin la'asar an kai shi. Wani ɗan unguwarmu ya turo mini ɗan gajeren bidiyon fitowa da shi. Ban kalli taron ba, ban saurari salatin ba. Na tsayar da hoton, na sa yatsu na buɗa shi, ina duba kusurwar makara ta gaba ta hagu.

Wani mutum ne mai shuɗiyar hula. Na tambayi duk 'yan gidanmu, ba wanda ya san shi.