Mudu Biyu na Geron Falta

Baba Mika'ilu bai taɓa kwana a garin da ya wuce Ɗambatta ba sai da ya haura shekara saba'in, kuma ni ne sanadin fitarsa. Sunana Kamaruddeen, malamin gona ne ni a yankin Bagwai, shi kuwa yayan mahaifina ne. Shekara uku ke nan da yin abin.

Gonarsa ba ta kai eka biyu ba. A wajenmu rabon gado ya yayyanka ƙasa, layin lalle ne kawai ke raba gonar mutum da ta ɗan'uwansa. Duk da haka, wanda duk ya tashi a ƙauyenmu ya san a gonar Baba Mika'ilu ake fara gasa tumu. Yana da wani gero da kakarsa Falta ta taho da shi daga Barno a ƙulle a bakin zane, shi ya sa ake ce masa geron Falta. Gajere ne, zangarniyarsa na da gashi mai tsini, tsuntsu ba ya iya sauka a kai. Yakan nuna tun sauran hatsi na bununi, daidai lokacin da rumbuna suka yi fayau, mata na kwaɗa tafasa da ƙuliƙuli don a rufa wa yara baki.

Da can rabin ƙauyen na shuka shi. Sai aka ga ba ya cika dami, ga ƙaiƙayi wajen sussuka, ga mu malaman gona muna yawo a kan babur muna wa'azin sabon iri. Ni da bakina na yi wannan wa'azin, har da buga ƙirji. Kowa ya watsar, ya rage Baba Mika'ilu shi kaɗai. Duk kaka zai zaɓi zangarniyoyin da suka fi cika, ya murje su da hannunsa, ya cuɗa ƙwayar da toka saboda ƙwari, ya ƙulle a tsumma, ya sa a tulu ya liƙe bakin da laka. In na tsokane shi na ce ya fi son tulun nan a kan jikokinsa, sai ya ce, "To ai don su na ajiye, mai babur."

Daminar da ta gabaci tafiyarmu ruwa ya yi gyara, ya kwanta a gonarsa kwana tara. Abin da ya tsira da shi na iri mudu biyu ne cif. Matarsa ta daɗe da rasuwa, ɗansa ya tafi ci-rani bai aiko da komai ba, surukarsa Ramlat na fama da yara biyar da tukunyar da ba kullum ake ɗora ta ba.

A wannan bazarar wata ƙungiya ta shirya taro a Legas a kan tsofaffin irin shuka, suka ce suna son manomi na gaske ya zo da nasa ya nuna. Na rubuta sunansa, na sa nawa a matsayin tafinta. Gaskiyar magana, jirgin sama nake son shiga, ina kuma son ganin teku. Na ce ya ɗebi cikin hannu ɗaya ya isa, sai ya fasa lakar tulun ya ɗauke ƙullin gaba ɗaya.

"Baba, duka kuma?"

"Kamaru, Ramlatu yarinyar kirki ce," in ji shi a hankali. "Amma uwar da yaro ke wa kukan yunwa ba ta san iri ba. In ta daka shi ba zan ga laifinta ba. Gara yana jikina."

Otal ɗin da aka sauke mu yana bakin teku, hawa goma sha wani abu. Ƙasan harabar ƙyalli yake har Baba ya tuɓe takalmansa a ƙofa, na yi ta raɗa masa ya mayar. Aka ba shi ɗaki a hawa na tara, nawa na kusa da nasa. Bango guda gilashi ne tun daga sama har ƙasa, in ka tsaya ba ka ganin komai sai ruwa yana tahowa yana komawa. Ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "Duk wannan ruwan, ba wanda ya shuka ko albasa a bakinsa?" Na yi dariya na ce ruwan gishiri ne.

Na nuna masa katin buɗe ƙofa, da famfon ruwan zafi, da inda ake kashe sanyin ɗaki, da alƙibla. Na ji ni wani wayayye ne. Ban gaya masa cewa akwai masu shiga ɗaki da nasu katin su yi shara in ba ka nan ba, don ban ga abin faɗa a ciki ba.

Abin da ya dame shi iskar garin ce. Ya taɓa hularsa ya ji ta yi danshi, ya san hatsi in ya kwana biyu a irin wannan iskar fumfuna zai yi. Sai ya shiga neman mazubi. A ƙarƙashin tebur ya ga wata tukunyar ƙarfe mai sheƙi, in ka taka ƙafarta murfin ya buɗe, in ka saki ya rufe ruf, an ma shimfiɗa sabuwar leda a ciki. A gidanmu abu mai kyau haka a ɗakin amarya ake jera shi.

Da safe muna karin kumallo ya ce mini, "Mutanen nan sun san darajar ajiya. Na sami tukunya mai murfi, ko ɓera ba ya shiga."

Ina ɗaukar hoton farantina da waya lokacin. Ban ko ɗago ba na ce, "Madalla, Baba."

Sai washegari ne zai yi nasa jawabin, don haka ranar ya bar ƙullin a ɗaki. Muka wuni a zauren taro yana gyangyaɗi cikin Turancin da ba ya ji. Bayan la'asar muka hau sama. Ko hulata ban cire ba na ji ana dukan ƙofata da tafin hannu. Na buɗe na gan shi ba takalmi, rungume da tukunyar ƙarfen nan, murfinta a buɗe, an sa mata wata sabuwar ledar.

"Kamaru, an shiga."

Na dubi abin da ke hannunsa. Na ce, "Baba, wannan ai kwandon shara ne."

Ya dubi tukunyar, ya dube ni.

Aka kira matar da ta gyara ɗakin. Ta ce ta ga tsumma, ta ɗan buɗe ta ga toka, ta ƙulle ledar ta jefa a babban buhu kamar kullum. Da ta fahimci abin da ta zubar sai ta fashe da kuka, Baba ne ma ya ce in gaya mata ta yi shiru, aikinta ta yi. Motar shara kuwa ta kwashe komai tun azahar. Manajan otal ɗin ya yi ta ba da haƙuri, mutum ne mai ladabi, ya ce gobe zai sa a sayo mana buhun gero guda daga kasuwa. Na ji kamar in shaƙe shi, alhali ni ya kamata a shaƙe.

Ya dai ba mu mota da sassafe muka je bolar da ake kai sharar. Ta fi ƙauyenmu girma, tana hayaƙi, manyan motoci na ta juye sabuwa a kan tsohuwa. Baba ya tsaya a gefe da carbinsa kamar rabin awa. Daga nan ya ce mu tafi, kada mu sa mutane jira.

Da rana aka kira shi kan dandamali, aka yi ta tafi. Ya karɓi abin maganar ya ce, "Jama'a, ku yi haƙuri. Abin da na zo nuna muku ya salwanta a hannuna. Ba ni da komai." Ni kuma na juya na gaya musu da Turanci cewa yana godiya, kuma yana alfahari da gadon kakanninsa. Suka sake tafi, suka ba shi wani allon gilashi da sunansa a jiki. A duk ƙaryar da na yi a rayuwata, wannan ce ta fi ba ni kunya.

Kwana biyu suka rage mana a otal ɗin. Ga abinci kala-kala, nama da kifi sai wanda ka zaɓa, amma shayi kawai yake sha. Ya ƙi hawa gadon, ya zauna a ƙasa ya ba tekun baya.

Mun dawo da mako guda aka yi ruwan shuka. Na bi ƙauyuka goma sha ɗaya a kan babur ina tambayar tsofaffi ko akwai mai sauran geron Falta, ko da a gindin rumbu ne. Babu. Wani dattijo ma cewa ya yi, "Ba kai ne ka ce mu bar shi ba?" Baba ya shuka irin kasuwa kamar kowa, amma ya hana a yi huɗa a kusurwar gonar da ruwa bai ci ba bara. Gyauro yake jira, wato ƙwayar da ta zube ƙasa lokacin girbi, ta tsiro da kanta.

Huɗu suka fito. Ya kewaye su da ƙaya saboda awaki, ya zuba musu taki da hannunsa, kullum yana zaune a gefensu daga hantsi har rana ta yi sanyi. Ramlat ke aika masa kunu can. Har ya fara dawowa daidai, ya koma kira na mai babur.

Ranar da suka fitar da kai ina wurin. Ya miƙe da ƙyar, ya kamo zangarniyar farko ya shafa ta da babban yatsa daga ƙasa zuwa sama. Sumul take, ba gashi ko ɗaya. Ya shafa ta biyu, da ta uku, da ta huɗu. Daga gonar maƙwabci iska ta kawo su.

"Ba shi ba ne," ya ce.

Ya janye ƙayar da sandarsa, ya bar wa awaki. A watan nan ne, lokacin da a da gidansa ke rabon tumu, Ramlat ta sayar da tukunyar ƙarfenta ta aure aka auno masara.

Yana nan da ransa, idonsa ya yi rauni, ba ya zuwa gona. Allon gilashin yara sun fasa shi tuni. Tulun kuwa yana kusurwar ɗakinsa, ya hana a zuba komai a ciki. Bai taɓa faɗa mini magana mai zafi ba, da ya yi da na sami sauƙi. Kullum in na je gaishe shi sai ya tambayi iyali da aiki, sannan in zan tashi ya riƙo hannun rigata ya ce, "Kamaru, a yawon nan naka, in ka ga gero mai gashi, ko zangarniya ɗaya ce, ka tsaya ka tambaya."

Ina tsayawa. Shekara uku ke nan ina tsayawa.