Dawuda da Sunan 'Yar Farinsa

A unguwar Manfuha, can kudancin Riyad, akwai wani tsohon bene da rana ta lashe fentinsa har ya koma kalar ƙasa. A ɗakin ƙarshe na sama Dawuda yake kwana, shi da wasu 'yan ci-rani. Mutumin Mirya ne, kusa da Damagaram, dogo, furfurarsa a gemu kaɗai, yana tafiya a hankali kamar wanda ya ɗauko ƙwarya cike da nono. A masallacin layin na san shi, inda kullum yake tsayawa a ƙarshen sahu, kusa da takalma. Ba mai yawan magana ba ne. Abin da zan faɗa a nan, kaɗan daga bakinsa na ji, mafi yawa daga bakin Maikuɗi, abokin ɗakinsa Bakano, wanda magana ba ta kwana a cikinsa.

Direba ne a wani rukunin gidaje mai doguwar katanga a arewacin gari, inda injiniyoyi 'yan ƙasar Finlan suke zaune da iyalansu. Da safe ya kai yara makaranta, da hantsi ya kai iyayensu mata kasuwa. A shekarun nan babu gidan sinima ko ɗaya a Riyad. Sai wata dattijuwa a cikinsu, Madam Helmi, tsohuwar malamar makaranta da ta biyo mijinta, ta ce ba za su zauna kewar gida ta cinye su ba. Duk Juma'ar ƙarshen wata, bayan la'asar, akan rufe labulen zauren taronsu, a haska fim ɗin ƙasarsu a jikin bango. Mata su toyo burodi mai kirfa, a dafa gahawa tulu guda. Dawuda ke jera kujeru, shi ke jan labule, in an kashe fitila sai ya koma bakin ƙofa ya tsaya, hannuwansa a baya.

Ba ya jin yarensu. Rubutun Larabcin da ke bin ƙasan hoton kuma yana wucewa kafin ya haɗa baƙi da wasali. Amma ya ce bai taɓa ɓata ba, domin mutanen cikin fina-finan nan ba su cika magana ba.

In ya dawo, Maikuɗi na jiran sa a kan tiren shinkafa.

"Badamagare, yau me Turawanka suka nuna?"

"Wani mutum ne ya zauna a bakin tafki."

"Sai me?"

"Sai wani ya zo ya zauna kusa da shi."

"Sai suka kaure da faɗa?"

"A'a. Suka sha gahawa. Sannan ɗayan ya tashi ya tafi."

"Shi ke nan? Ba waƙa, ba rawa, ba wanda ya mari wani? Ai wannan ba fim ba ne, layin asibiti ne aka ɗauka a hoto. Dole ya yi maka daɗi mana, ka samu danginka."

"Ci abincinka, bawa," in ji Dawuda. "Zancen manya ba na Kanawa ba ne."

Dawuda yana da 'ya'ya biyar a gida. Huɗu daga ciki yakan kira su a waya ɗaya bayan ɗaya, ya tsokani wannan, ya yi wa wancan faɗan makaranta. Ta biyar ɗin, wadda ita ce ta fari, sunanta Zuwaira, kuma ba daga bakinsa na fara jin sunan ba. A gidansu, kamar gidaje da yawa a ƙasarmu, ana kunyar ɗan fari. Uba ba ya kiran sunansa, ba ya ɗaukar sa a gaban mutane, ba ya nuna ya san da shi. Tun da aka yaye ta, mahaifiyar Dawuda ta ɗauke ta, a ɗakinta ta girma. In ya je hutu, sai ta zo ta durƙusa a bakin zaure ta gaishe shi can ƙasan maƙoshi, shi kuma ya amsa yana kallon wani wuri. Har aka yi mata aure da wani tela a Damagaram, ko sau ɗaya ba su taɓa zama sun yi hira ba.

Amma Maikuɗi ya ce duk sanda suka je kasuwar Utaiƙa ko Batha sayen tsaraba, turmin da ya fi kyau Dawuda yake warewa gefe, ya juya shi, ya shafa, sannan ya ce, "Wannan a ba yarinyar nan." Yarinyar nan. Sunanta ke nan a bakinsa shekara ashirin da wani abu.

A ƙarshen shekarar 2017 Zuwaira ta haihu, ɗa namiji. Yaron ya zo lafiya, ita ce jikin ya ƙi. Ƙafafu suka kumbura, zazzaɓi ya ƙi sauka, aka kwantar da ita a asibiti. Dawuda ya nemi tafiya. Amma a ƙasar nan a lokacin, ɗan ci-rani ba ya fita sai kafil ɗinsa, wato wanda ya ɗauki nauyin zamansa, ya ba shi izini. Nasa kafil ɗin ya yi tafiya waje, wayarsa a kashe. Dawuda ya je ofishinsa har ya gaji, kullum amsa ɗaya: "Bukra, in sha Allah." Gobe.

Matarsa Delu, wadda ita ma da ba ta kiran sunan, ciwo ya karya mata kunya. Ita ke kwana a gefen gado, ita ke ba ta kunu a baki. Wata rana ta ce masa a waya:

"Malam, Zuwaira ta ce tana son jin muryarka. Ga ta nan kusa da ni, in ba ta?"

Maikuɗi yana zaune yana jin su. Ya ce sai ya ga Dawuda ya miƙe tsaye kamar wanda surukinsa ya shigo.

"A'a, bar ta ta huta. Ce mata ina gaishe ta. Ce mata ana ta addu'a."

Da ya kashe wayar, Maikuɗi ya ajiye wasa gefe.

"Dawuda, kai fa ba yaro ba ne. Yarinya tana kwance, ta ce ubanta take so. Wace irin kunya ce wannan?"

"Haka na taras. Ubana bai taɓa kiran sunan yayana ba har ya koma ga Allah, kuma yayana bai ce ba a son sa ba."

"Ka tambaye shi?"

Dawuda ya ɗauki buta ya fita.

A watan Disamban nan ƙasar Finlan ta cika shekara ɗari da samun 'yancin kai, sai mutanen rukunin suka yi babban shiri. Suka rataya tutoci masu fari da shuɗi, suka kunna kyandirori a tagogi, suka gayyaci maƙwabta da direbobi da masu gadi da masu shara. Da Dawuda ya gama jera kujeru ya nufi bakin ƙofarsa, Madam Helmi ta tare shi da guntun Larabcinta.

"La, la, Dawud. Yau kai baƙo ne. Zauna."

Ya zauna a bakin kujera, kamar wanda ya aro ta.

Fim ɗin ranar na wani tsohon masunci ne da 'yarsa, su biyu kaɗai a wani gidan katako a bakin tafki. Suna cin abinci a teburi ɗaya, ba mai ce wa wani uffan, sai ƙarar cokali. Da asuba yakan goge mata takalma ya ajiye a bakin ƙofa, ya fice kafin ta tashi. Ranar da za ta tafi birni, ya ɗauki jakarta har tashar jirgin ƙasa. Ta tsaya tana kallon bakinsa. Shi kuma ya gyara mata wuyan riga, ya duba agogo, ya juya. Jirgi ya tafi. Tsohon ya taka har tsakiyar tafkin, wanda sanyi ya daskarar ya zama kamar faranti, babu kowa, babu ko tsuntsu. A nan ya buɗe baki ya ƙwala kiran sunanta. Dajin ya maido masa da shi. Ya sake kira. Hoton ya yi nisa, ya yi nisa, har ya zama ɗigon baƙi a kan farar takarda.

Aka kunna fitila. Babu wanda ya yi tafi da wuri. Wani ƙaton injiniya yana ta goge tabarau ɗinsa da gefen riga.

Dawuda ya tashi zai fara tattara kujeru. Madam Helmi ta zo kusa da shi da kofin gahawa. Ta nuna bangon da hoton ya ɓace, ta dafa ƙirjinta.

"Baba ana, sem-sem," ta ce. Wato mahaifinta ma haka yake.

Dawuda ya haɗa 'yan kalmomin da yake da su ya tambaye ta: to ita 'yar, ta san yana son ta?

Dattijuwar ta daɗe tana kallon cikin kofin.

"Na sani," ta ce. "Amma na so in ji."

Bai gama kwashe kujerun ba. Karo na farko ke nan da ya bar aiki a rabi. Ya fita ya shiga mota ya rufe ƙofa. Ana kiran magariba a masallatan bayan katanga, a Damagaram kuwa rana ba ta faɗi ba tukuna. Ya kira Delu.

"Ba ni ita."

"Wa?" in ji Delu, don ba ta yarda da kunnenta ba.

"Mai jikin. Ba ni ita."

Ya ji motsi, ya ji Delu tana cewa, "Tashi, tashi, babanki ne." Ya shirya sunan a kan harshensa, ya jiƙa leɓe. Sai ya ji muryoyi a bayan wayar: uwar mijin Zuwaira tana cewa a ɗaga mata filo, wani dattijo yana sallama, ƙannenta suna ce wa juna a yi shiru. Delu ta buɗe wayar kowa na ji. Ɗakin cike yake da surukai.

"Baba," ta ce.

Bai taɓa jin muryarta a sake ba sai ranar. Ashe muryar mahaifiyarsa ce sak, har da 'yar shaƙewar nan a ƙarshen kalma.

"Na'am," ya ce. "Sannu. Ya jikin?"

"Da sauƙi, Baba."

"Ana ba ki magani?"

"Ana ba ni."

"Yaron fa?"

"Yana nan lafiya. Sun ce hancinka ne."

Wani ya yi dariya a ɗakin. Ita kuma tana jira. Yana jin numfashinta yana hawa yana sauka kamar guga a rijiya mai zurfi. Sunan yana nan a bayan haƙoransa. Ya tuna uwar mijin, ya tuna dattijon, ya ga yadda gobe za a ce a Mirya Dawuda ya je Makka ya zubar da kunya.

"To," ya ce. "Allah ya ƙara sauƙi. Ba uwarki."

Da ya dawo Manfuha ya gaya wa Maikuɗi, fuskarsa har da ɗan haske. Ya ce an fara. Ya ce gobe da sassafe, kafin masu dubiya su cika ɗakin, zai ce wa Delu ta kai mata wayar kunne, ita kaɗai.

"Yau ka yi abin kai, Badamagare," in ji Maikuɗi. "Saura ƙiris ka zama mutum."

Da safe Delu ce ta riga shi kira. Zuwaira ta cika bayan sallar asuba. Kafin azahar an kai ta.

Maikuɗi ya ce bai yi kuka ba. Ya yi salati, ya zauna a bakin katifa, ya sa takalmi ƙafa ɗaya, ya manta da ɗayar.

Da yamma muka taru a ɗakin. 'Yan Maraɗi, 'yan Damagaram, Kanawa, Katsinawa, masu gadi da leburori da direbobi, kowa da ƙurar aikinsa a ƙafa. Aka jingine katifu a bango aka shimfiɗa tabarmi har baranda. Madam Helmi ba ta iya zuwa ba, amma ta aiko wani direba da burodi cikin kwali da farin kyandir guda ɗaya, wanda ba wanda ya san abin da za a yi da shi, sai aka ajiye a kan taga.

Malam Musa, wani dattijo ɗan Tasawa da ke ja mana salla in liman ba ya nan, shi aka ba addu'a. Bai san gidan Dawuda ba. Ya gyara zama, ya ɗaga hannuwa, sannan ya sauke su kaɗan.

"Yaya sunan marigayiyar?"

Maikuɗi ya buɗe baki zai faɗa, don ya ɗauke wa abokinsa nauyi kamar yadda aka saba. Dawuda ya dafa masa gwiwa.

Ana jin fankar sama tana kukanta. Ya kalli tabarma. Leɓensa ya motsa sau ɗaya ba sauti.

"Zuwaira," ya ce.

Ya fito a hankali, da ɗan tuntuɓe, kamar kalmar baƙon yare. Malam Musa ya gyaɗa kai zai fara addu'a, amma Dawuda bai gama ba.

"Zuwaira," ya sake cewa, da ƙarfi wannan karon, ba ga malam ba, ba ga kowa a cikinmu ba. "Zuwaira. Ni ne."

Malam ya dakata, hannuwansa a sama. Muka sunkuyar da kai, muka jira shi.