Casar Wake da Kekuna a Masanawa

Jama'a, yau kekunanmu sun koma injin casa!

Kwana huɗu muna tuƙi, cinyoyi sun mutu, burinmu mu kai Gwarzo kafin magariba. A Masanawa ruwanmu ya ƙare. Wani dattijo ya cika mana robobi, har da fura.

Na ce, "Baba, da me za mu saka maka?"

Ya nuna waken da ya baza kan kwalta. "Tun safe mota biyu kacal suka taka min. Ku ɗan bi ta kai, 'ya'yana."

Mu tara, je ka dawo, har sawu ashirin!

Muna cikin haki sai ga maƙwabcinsa, shi ma da damin wakensa a ka, ƙwaryar fura a hannu.

Wallahi babu wanda ya sha.