Iccen Ƙotar da Baffa Ya Ajiye Mini

Jiya muna sabunta rufin zaure a Lambara, sai guntun iccen kirya ya faɗo daga tsakanin azara, da zanen gawayi a jikinsa. Zama na yi a ƙasa.

Baffana, maƙerin bindigogin maharba, shi ya yi zanen. Shekarar samun mulkin kai gyado, wato aladen daji, ya addabi gonata, na roƙe shi ya ƙera mini bindiga. Ya yini yana ƙwanƙwasa itatuwan ƙota yana shinshinawa, kafin ya zaɓi wannan. Ya kara mini a kafaɗa, hannunsa na warin toka, ya zana inda kuncina ya kwanta.

Na ce, "Baffa, gerona fa ƙarewa yake."

Ya ce, "Ɗanye na, ɗana. In na sassaƙa yanzu karkacewa za shi yi, ka auni gyado ka harbi ɗan wani. Bari shi sha damana ukku ga inuwa."

Ya soke iccen tsakanin azarar zaure. Damina biyu Baffa ya gani, Allah ya karɓi abinsa.

Yau iccen ya bushe ƙayau, in an buga sai ya amsa kamar ƙarfe, ga shi babu wanda zan kai wa. Allah ya sanyaya makwancinka, Baffa. Ya fa bushe.