Pani Bogumila da Kwalbar da Ake So a Zubar

Kafin ta cire rigar sanyi, Pani Bogumila Cieslak, wato Malama Bogumila a yaren ƙasar nan, sai ta fara leƙa kwalba. Haka take yi kowace safiya a ɗakin ƙasa na cibiyar bincikenmu, tun kafin a haife ni. Sai ta ga komai lafiya sannan take haɗa shayinta da lemun tsami.

Kwalbar tana zaune cikin kwanon ruwan ɗumi. A cikinta akwai ruwan sinadari, a tsakiya kuma ɗan lu'ulu'u rataye da zare, yana girma a hankali kamar farce. Ana fara renonsa da kaka, lokacin faɗuwar ganye, ba ya ƙosawa sai bikin Ista, bayan hunturu. Idan ya ƙosa ta yanka shi fale-fale, ta goge a kan ƙyalle mai laima. Mu kuma mu sa shi a na'urar da aka zuƙe wa iska, mu ɗumama shi, mu ga fuskarsa tana fesa ƙwayoyin lantarkin nan da ake kira elektron. Duk abin da cibiyar nan ta taɓa wallafawa a kan wannan fesawa, daga hannunta ya faro.

Ku dubi hannun. Ba ta shafa mai, domin ɗan maiƙo kaɗan ya isa ya ɓata fuskar lu'ulu'u. Da hunturu yatsunta tsagewa suke yi har jini. Na taɓa ganin ta miƙa wa baƙo hannu ta janye da sauri, ta cusa a aljihu.

Pan Zdzislaw, wato Malam Zdzislaw mai gadi, ya ba ni labarin shekarar da bututun ɗumama gini ya fashe. Sanyin farat ɗaya tsaga lu'ulu'u yake yi. Ya ce da idonsa ya ga ta naɗe kwanon da rigar sanyinta, ta fita cikin ƙanƙara da 'yar suwaita. Shi Bogusia yake kiranta, ita kuma Zdzisiu take kiransa.

"Na ce mata, Bogusia, kin haukace? Ta ce, Zdzisiu, ni in na yi tari zan warke, shi in ya tsage shi ke nan."

Yanzu ta kai shekarun ajiye aiki. Ba wannan ne ya ɓata mana rai ba. An ce ta miƙa makulli ranar Juma'a, a kwashe ɗakin, za a mai da shi wurin karɓar baƙi mai kujerun laushi. Lu'ulu'un da ke cikin kwalba kuwa rabin girmansa ya yi. Shi ne na ƙarshe da za ta rena, kuma a kansa take koya mana aikin, mu biyu da muka roƙa.

Ina wajen lokacin da shugaban cibiya ya sauko duba ɗakin.

"Haba Pani Bogusia, ai ruwa ne da ɗan gishiri. A tuttular, ma sayo wani daga waje."

"Pan Darakta, kai ma wata tara aka jira ka, ba wanda ya ce a tuttular."

Ya yi dariya, ya ce bakinta bai tsufa ba. Amma bai ɗaga ranar ba.

Wace irin cibiya ce wannan, da take da wurin ajiye kujeru amma ba ta da haƙurin jiran Ista? Me za a nuna wa baƙin idan sun zauna?

Ke ce uwar reno, Pani Bogumila. Ke ce kika hana kanki hutun bakin teku saboda kwalba ba ta san hutu ba. Ba ki nemi biki ba, ba ki nemi fure ba. Abin da kika ce mini kawai shi ne, "'Yar nan, a bar shi ya gama." Mun gode. Allah ya huta gajiya, ya warkar da hannun nan.

Ku da kuka taɓa ɗaukar yankin lu'ulu'u daga tafinta kuka je kuka yi suna, ga ranar ramawa ta zo. Ku yi yadda ta yi, ku tsaya wa abin da bai gama girma ba. Juma'a da safe, ɗakin ƙasa, ƙofa ta ƙarshe. Ni da Pan Zdzislaw za mu riga ku zuwa. Duk wanda zai ɗauki kwalbar nan, sai ya fara duban idonmu ya ce mu matsa.