Zabi Biyu Daga Jangeru

Jama'a, yau zabi biyu sun sa ni kuka!

Kun san karo-karon da na roƙa don buga littafina, na mutanen da aljanu suka ɗauke wa gari? Ɗazu wani direba ya yi sallama gidanmu a Ƙaura, riƙe da zabi.

Na ce, "Malam, ka yi ɓatan gida."

Ya ce, "Ba ke ce mai littafi ba? Wata tsohuwa ta aiko daga Jangeru, jikarta ke karanta mata a waya. Ta ce ki saida zabin ki buga littafin, amma don Allah ki maida mutanen nan gida. Ita ma gudun hijira ya kai ta can."

Wayyo! Ni da shekara huɗu rabona da garinmu Dauran, kuma a littafin ban maida su ba.

Ga ni zaune, ina sake babin ƙarshe.