Ƙwallo a Cikin Jam ɗin Baba Tela

Baba Tela ba ya zubar da ƙwallon fulam a shara. Yana da wani tsohon kwanon samira mai ɓantararren baki, a ciki yake jefa kowane ƙwallo, sai ya ji ya ce ƙwal sannan ya ɗauki fulam na gaba. In bai ji ƙarar ba, hannunsa ba ya matsawa.

Fulam ɗin busasshe ne, baƙi, fatarsa a yamutse kamar ta gwiwar hannu, irin wanda ake sayarwa cikin leda a kanti. Marigayiya matarsa ce ta koyi dafa shi a kicin ɗin da ta yi aiki, tana yin jam na shafa wa burodi. Da ta rasu, shi kuma ido ya hana shi zura zare a allura, sai ya lulluɓe keken ɗinki da zane ya gaji tukunyarta. Yakan jiƙa fulam a ruwan shayi ya kwana ya kumbura. Da safe ya bi shi da yatsa yana cire ƙwallaye, ya rufe robar ta huta, da yamma ya zuba sukari da ruwan lemon tsami ya tsaya a kan wuta yana juyawa, har cokalin katako ya riƙa barin hanya a gindin tukunya. Ba ya sayarwa. Rabawa yake yi, kuma yana sane da duk wanda bai dawo masa da kwalba ba.

Wata rana maƙwabcinsa mai gyaran rediyo ya shigo dafe da kunci, ya ajiye wani abu a kan tebur.

"Tela, da ka bar ɗinki cire haƙori ka koma?"

Baba Tela ya daɗe yana kallon ƙwallon. "Wannan ba daga tukunyata ya fito ba."

"To daga ina? Ni na shuka shi a bakina?"

"Haƙoranka dama neman hujja suke yi."

Mai rediyo ya yi dariyar gefen baki ya tafi. Amma babban ɗan Baba, direban nan da suke gida ɗaya, ya ji komai, kuma shi bai yi dariya ba.

"Baba, yau haƙorin babba ne. In gobe maƙogwaron yaro ne fa? In aka ƙara samun ko ɗaya, gara ka huta da tukunyar nan."

Tsohon ya shiga juya maganar a ransa. Mutumin da ya shekara da shekaru yana gane ɗinkin da ya karkace da taɓawa kawai, shi ne ƙwallo zai wuce wa yatsa? Wani ne ya saka. Ya fara zargin mai rediyon, sai ya tuna ba wanda zai fasa haƙorinsa don ya ɓata wa wani suna. Ya koma kan mai kanti, ya je ya tambaye shi ko akwai fulam mai ƙwallo biyu, aka bi shi da kallo. Daga nan hankalinsa ya dawo cikin gida.

Surukarsa, matar direban, ba ta taɓa cewa tukunyar na tare mata murhu ba, amma ya sha ganinta tana jijjiga tukunyar gas tana sauraro. Ya lura murfin robar ba ya zama yadda ya bar shi. Ya kuma lura da wani baƙi-baƙi a ƙarƙashin farcenta, ita da ta ce ba ta son fulam.

Da aka sake jiƙo, ya gama cire ƙwallaye, ya rufe robar, ya ɗaure ta da siririn zare daga hannu zuwa hannu. Da yamma ya tarar da zaren a ɗaure. Sai dai ƙullin ba na tela ba ne.

"'Yar nan, wani ya shigo kicin ne?"

"Ni ce dai, Baba. Gishiri na ɗauka."

"Gishirin a robata yake kwana yanzu?"

Ta sunkuyar da kai. "Ko mage ce."

"Allah ya yi wa magen nan albarka, har ƙulli ta iya."

Ranar bai raba jam ɗin ba. Ya jera kwalaben a ƙarƙashin gado, ya riƙa buɗe su yana laluben cikinsu da cokali. Bai sami komai ba, wannan ma ya ƙara masa zargi. A ransa ya ce surukar ta gane an gane ta ke nan, ta dakata.

Karo na gaba bai ɗaura zare ba. Ya rufe robar, ya ɗauki sandarsa, ya faɗa da ƙarfi cewa ya tafi aski. Ya fita ta ƙofar gaba, ya zagaya ta bayan gida inda ake shanya, ya raɓe jikin tagar kicin.

Ba a jima ba ta shigo. Ta leƙa ƙofa, ta wanke hannu, ta buɗe robar. Yana jira ya ga abin da za ta ciro daga aljihu. Ba ta ciro komai ba. Ta shimfiɗa tsumma a cinyarta, ta riƙa ɗaukar fulam ɗaya bayan ɗaya tana matsawa. Can sai yatsanta ya tsaya, ta zaro ƙwallo. Kwanon samira na nan kusa da ƙafarta, amma ba ta jefa a ciki ba, a kan tsumman ta ajiye a hankali. Ta ci gaba. Ta sake zaro wani. Sannan wani.

Baba Tela ya dubi yatsunsa. Ya murza babban yatsa a kan manuni, ya sake murzawa, kamar mai duba ingancin yadi. Daga nan ya juya ya tafi askin da bai yi niyya ba.

Da cin abinci ɗansa ya tambaya, "Baba, ba a dai ƙara samun komai ba ko?"

"Tambayi mage," in ji tsohon. Surukar ta miƙe ta ce bari ta ƙaro ruwa.

Ya ci gaba da dafa jam ɗinsa har ƙarshen ƙarfinsa, ba a kuma ƙara jin kukan haƙori a layin ba. Sai dai daga jiƙon da ya biyo bayan askin nan wani abu ya canja. Ya zauna da safe kamar kullum, ya yi kusan rabin roba, sai ya goge hannu ya miƙe. Bai rufe ta ba. Ya tura kwanon samira da ƙafa har ya taɓa kujerar surukar, ya ɗauke tsumman ya rataye a ƙusa.

"'Yar nan, bayana ya riƙe. Zan dawo in ƙarasa."

Ya shige ɗakinsa ya bar ƙofa a buɗe, ya zauna bakin gado ya kasa kunne.